Dakta Gama-Duniya da Katin Fentinsa

Duk wanda bai san Dakta Gama-Duniya ba, to ya yi ta istigfari, don rabin ilimin zamani ya wuce shi. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin kowace al'umma da ke doron ƙasa ba tare da ya wahalar da ƙafarsa zuwa ko'ina ba. Wasu sai sun hau jirgi, sun sha jiri, sun ci abincin da ba su san sunansa ba, kafin su ce sun san mutane. Shi kuwa daga kan kujerarsa mai juyawa, a hawa na biyu na gidan talabijin ɗinmu, yake hango 'yan Adam kaf, har ya gaya maka abin da ke ransu.

Kada ka tambayi inda ya samo daktan, wannan rashin ta-ido ne. Bita aka yi ta kwana uku a wani otal kan shirye-shiryen yara da zaman tare. Ya halarci rana ta farko, ya huta a ta biyu, ya koma a ta uku ya karɓo takardar shaida da jakar taro. Takardar tana nan rataye a bayan kujerarsa cikin firam mai ruwan zinariya, an ɗan karkato ta yadda duk wanda ya shigo sai ya fara gaisawa da ita kafin mai ofishin. Jakar kuwa har yau ita yake saɓawa a kafaɗa, ko da ba komai a cikinta sai tabarau da tsinken sakace. Sunan Gama-Duniya mu ma'aikata muka raɗa masa a bayan idonsa. Da ya kai kunnensa, sai bawan Allah ya ɗauka kirari ne, ya sa aka buga masa shi a ƙofar ofis.

Kusa da takardar akwai kalandar wani kamfanin jiragen sama, ta shekara tara da suka wuce. Ba a sauke ta ba domin ita ce ɗakin karatun Dakta. Wata goma sha biyu, ƙasa goma sha biyu, kowace da hoton mutum cikin kayan rawa yana washe haƙora. Daga nan ne Dakta ya gano babban sirrin da ya gagari masana: cewa mutanen sauran duniya ba su da sana'a sai rawa da murmushi.

To wannan bijimin malami shi ne mai shirya mana shirin yara na kowace Asabar da hantsi, wanda ya sa wa suna Lambun Al'ummai. Manufar shirin, in ji shi, ita ce yaranmu su san yaran duniya, su kuma san kansu. Ranar da aka ƙaddamar da shi ya tara mu a ɗakin ɗaukar shiri, ya hau kan akwatin fitilu don kowa ya gan shi, ya ce:

"'Yan'uwana ma'aikata, yaro farar takarda ne, ni kuma alƙalami ne. Abin da na rubuta a kansa ranar Asabar, shi zai karanta har ya yi furfura. Yau mun binne wariya. Daga yau babu baƙi babu fari, babu namu babu nasu. Kowane yaro fure ne, ni ne kuma mai lambun."

Muka yi tafi. Mai kyamara har da share ƙwalla, ko da yake daga baya ya ce fitila ce ta haske masa ido.

Da aka gama binne wariya, sai Dakta ya buɗe jakar taro ya zaro katin fenti. Irin katin nan da masu shagon fenti ke ba ka kyauta don ka zaɓi launin bangon ɗakinka, mai layi-layi daga ruwan madara har zuwa baƙi wuluk, kowane launi da lambarsa. Yara arba'in ne iyayensu suka kawo neman shiga shirin, dukkansu daga unguwannin da ke kewaye da mu. Ya jera su jikin bango. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kara musu katin a kunci, yana lumshe ido ɗaya, yana kiran lamba, sakatariyarsa tana rubutawa. Lamba uku zuwa biyar suka zama 'yan Ƙasar Ƙanƙara. Shida zuwa takwas suka tafi Ƙasar Tsibirai. Ɗan mai gyaran rediyo, da Allah ya yi shi da ƙananan idanu, ya tashi daga layin ya tsinci kansa a gabashin duniya ba tare da fasfo ba. Duk wanda ya wuce lamba goma sha biyu kuwa aka ce shi ɗan gida ne, aikinsa ya zauna a kan benci ya yi tafi.

Wasu tagwaye da ke layin ma Dakta bai raga musu ba. Ɗaya ya fi ɗaya haske da lamba guda, sai aka raba su nahiya biyu. Uwarsu ta ce, "Yallaɓai, ciki ɗaya fa na haife su." Ya ce mata kimiyya ba ta san ciki ba.

Babban matsayi a shirin shi ne na Ɗan Tsaunuka, yaron da ke fitowa a tsakiya shi kaɗai na minti biyar. Ikon Allah, da aka kara kati aka duba aka sake dubawa, sai lambar ta faɗa daidai kan kuncin ɗan Dakta na cikinsa, wani yaro mai sanyin hali ɗan shekara goma, wanda babban burinsa a duniya a ƙyale shi ya je ƙwallo. Dakta ya ce shi kansa abin ya ba shi mamaki, amma ba zai tauye yaro don kawai ɗansa ne ba.

Sai dai an sami 'yar matsala. Shafin Ƙasar Tsaunuka a kalandar ya yage tun tuni, wani ya yagi rabinsa ya goge hannu. Abin da ya rage shi ne kan dutse da saman hular wani mutum. Ƙaramin malami da nan zai tsaya ya ce bai sani ba. Dakta kuwa ya cike sauran da basira. Ya ba da umarni a ɗinka wa Ɗan Tsaunuka riga da tsohon labulen ofishin manaja, mai kauri kamar bargo. A soka masa gashin abin kakkaɓe ƙura a hula. A ɗaura masa ƙararrawar keke a idon sawu. Yare ma bai gagara ba. Dakta ya rufe ƙofa na rabin awa ya fito da shi a rubuce. Gaisuwar mutanen tsaunuka, a binciken Dakta, ita ce mutum ya ɗage ƙafa ɗaya, ya yi tsalle uku, ya ce, "Bulu-bulu kwanga!"

Wadda aka ba ɗinkin rigar ita ce Uwar Ɗinki, telar gidanmu. Shekara goma sha shida tana zaune a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matattakala, ita da kekenta da buhunan ƙyalle, tana rage wa masu karanta labarai kwat tana ƙara wa manaja ƙugun wando. Mace ce marar hayaniya, kullum da allura a baki. Kuma ita, ba a kalanda ba, a gaske, 'yar Ƙasar Tsaunuka ce. Can aka haife ta, aure ya kawo ta nan, mijin ya rasu, ta zauna da 'ya'yanta.

Ta ɗinka labulen kamar yadda aka ce. Da ta kawo, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ranka ya daɗe, mu fa ba ma sa irin wannan."

Dakta ya yi mata murmushin tausayi. "Uwar Ɗinki, kin daɗe da barin gida, kin manta. Ba laifinki ba ne. Shi ɗan ƙasa yana cikin abu ne tsundum, ba ya ganinsa. Sai mu da muka yi nazari daga nesa muke gani sarai. Ki ƙara gashin hular."

Ta ƙara gashin hular. Bakin da ke cin abinci a gidan ba ya jayayya da hawa na biyu.

Shiri ya karɓu, wannan kam ba a ƙwace wa Dakta ba. Kafin wata biyu babu lungun da ba ka jin yara suna tsalle da ƙafa ɗaya suna bulu-bulu kwanga. Dakta ya rubuta rahoto shafi goma sha takwas zuwa ga gidauniyar da ke ɗaukar nauyin shirin, ya sanar da su cewa yanzu kowane yaro a garin nan ya san Ƙasar Tsaunuka kamar tafin hannunsa.

Gaskiya ya faɗa, sun san ta. Har sun gano cewa akwai 'yar ƙasar a ajinsu.

Uwar Ɗinki tana da 'yar auta mai shekara tara, kowa Auta yake ce mata. A gidan kuma akwai Kaka, mahaifiyar Uwar Ɗinki, wadda aka ɗauko daga can shekara biyu da suka wuce saboda tsufa ya kama ta, ido ya yi rauni, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa. Hausarta ba ta wuce "sannu" ba. Manyan jikokin sun watse wajen neman na kansu, uwar tana bakin keke daga safe har yamma. Auta ce kaɗai ta tsaya ta iya yaren da kyau, don haka ita ce idon Kaka, ita ce bakinta. In ta dawo makaranta sai ta jefar da jaka ta zauna a gefen katifar tsohuwa ta kwashe labarin titi kaf ta zuba mata: wanda ya faɗi da babur, wadda ta yi faɗa da mai kayan miya, abin da malamin lissafi ya ce. Ita ke riƙe hannunta zuwa asibiti ta gaya wa likita inda ke ciwo. Maƙwabta sun saba jin dariyar su biyun ta taga.

Wata rana wani yaro ɗan ajinsu ya ji Auta tana magana da Kaka da yarensu a layin asibiti, ya bincika ya ji 'yan Ƙasar Tsaunuka ne. Washegari da aka fita hutun tara a makaranta, ajin gaba ɗaya ya kewaye ta da ƙafa ɗaya. Bulu-bulu kwanga. Ina hularki mai gashi? Ina ƙararrawarki? Aka yi ranar farko, aka yi ta biyu, abin ya zama kamar karatun safe. Ba wanda ya sake kiran ta Auta, sai Bulu-bulu.

Rana ta huɗu ta dawo gida ta ce wa uwarta da Hausa, ita daga yau ba ta jin wannan yaren, ba ta kuma yin sa. Ta kuwa cika alkawari. Kaka za ta yi mata magana, sai ta gyaɗa kai ko ta girgiza. To Kaka ba ta ganin gyaɗa kai. Tsohuwa za ta yi tambaya, ta karkata kunne tana jira, ta ji shiru, ta sake tambaya a hankali ko ba a ji ba ne. Daga baya ta daina tambayar. Mako uku tana wuni a ɗaki ba mai ce mata uffan sai in 'yarta ta dawo da yamma a gajiye. Ta rage cin abinci. Ta fara tambayar ko laifi ta yi wa yarinyar. Wallahi ni mai ba ku labarin nan, duk iya shegena, ranar da Uwar Ɗinki ta faɗa mana wannan a ƙarƙashin matattakala ban sami abin dariya a ciki ba.

Uwar Ɗinki ta yi ta maza ta hau hawa na biyu, tana jan Auta a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, alfarma nake roƙo. Ga 'yata, jininmu ce, tana jin yaren. Ko sau ɗaya a bar ta ta fito ta yi gaisuwar yadda ake yin ta. In ba za a sa ta ba, to a gyara gaisuwar kawai. Yara sun hana ta sakat a makaranta."

Dakta ya ji daɗin wannan labari ƙwarai. "Kin gani ko? Har makaranta saƙon ya kai! Wannan shi muke kira tasiri." Ya jawo takarda ya rubuta don rahoto na gaba. Sannan, saboda shi mutum ne mai adalci, ya zaro kati ya kara a kuncin Auta. Ya lumshe ido. Ya girgiza kai cikin jimami.

"Goma sha huɗu. 'Yar gida ce."

"Ranka ya daɗe, ni na haife ta."

"Ban musa ba. Amma ba ta yi kama ba. Mai kallo zai rikice. To, yarinya, yi mana gaisuwar mu ji."

Auta ta kafe idonta a ƙasa. Uwar ce ta yi gaisuwar a madadinta, 'yan kalmomi masu taushi da ba su fi numfashi ɗaya ba, hannu a ƙirji.

Dakta ya jira ko akwai saura. Da ya ga babu, ya ce, "Shi ke nan? Wannan ai magana ce kawai! Ina armashin? Ina tsallen? Uwar Ɗinki, yaren baƙo dole ya ba da dariya, in ba haka ba ta yaya yaro zai gane baƙo ne? Kuma lafazinki ma ya gurɓata, zama cikinmu ya ɓata miki harshe. Ku je, zan sa a ba ta wuri a benci na gaba."

Haka suka sauko, uwa tana gaba, 'ya tana ƙirga matattakala.

Ana nan sai shiri na ɗari ya matso. Dakta ya yanke shawarar a yi shi kai tsaye, ba naɗi ba gyara, gaban manaja da wata babbar jami'a da gidauniya za ta turo. Ya rubuta wa makarantar da ta fi kusa da mu cewa a kawo aji guda su cika benci. Makarantar su Auta ce, ajin kuma nasu. Abu ɗaya ya rage masa: yana son baƙo na gaske, na nama da jini, da za a ajiye a tsakiyar dandali jami'ar ta gani.

Allah ya kawo masa har gida. Ranar asibiti ce, Uwar Ɗinki ta biyo da Kaka ta zaunar da ita a bencin baranda kafin ta nemi izinin fita. Dakta ya zo wucewa ya ce wa tsohuwar sannu, ta ce sannu. Ya ƙara da tambayar gajiya, ta sake cewa sannu. Nan take ya tsaya cak. Ya zaro kati ya kara a kuncin tsohuwa. Mai kyamara, da ke tsaye a wurin, ya rantse mana cewa lamba goma sha huɗu ce cif, irin ta jikarta. Amma Dakta ya ɗaga murya ya ce, "Madalla! Ga asali! Dubi yadda ba ta jin komai!"

Ya ba da umarni a kawo ta ranar Asabar. Ba a bukatar ta yi magana, ta zauna kawai ta yi murmushi. Da yake ba ta gani, Auta ce za ta riƙo hannunta ta tsaya a bayan kujera. Uwar Ɗinki ta rasa yadda za ta yi wa mahaifiyarta bayani, sai ta ce mata, "Inna, shiri ne a kan ƙasarmu, an ce akwai wani yaro ɗan wajenmu." Tsohuwa ta yi farin cikin da ta daɗe ba ta yi ba. Shekara biyu ba ta ji yarenta a bakin wani ba in ba 'yarta da jikarta ba. Tun da sassafe ta yi wanka ta sa tufafinta mafi kyau, riga ce doguwa mai ruwan toka, ba gashi ba ƙararrawa. Dakta ya dube ta ya ce kash, amma lokaci ya ƙure.

Aka kunna fitilu. Wanda bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar shiri ba bai san zafin fitilun nan ba, ko da 'yar shara kake sai ka jiƙe. Yara talatin da biyar a benci, jami'ar gidauniya da manaja a kujerun gaba, Kaka a tsakiya an maƙala mata ƙaramin makirufo a wuyan riga don ado, Auta a bayanta kamar an dasa ta, ba ta ko ɗaga ido ta dubi 'yan ajinsu. Jar fitila ta kama. Dakta ya fito cikin kwat mai maɓalli shida.

"Yara manyan gobe, iyaye, da babbar baƙuwarmu! Asabar ɗari ke nan ina ɗauke da duniya a kafaɗata ina kawo muku ita har ɗaki. Ban gaji ba, ba kuma zan gaji ba. Mutane suna tambayata, Dakta, yare nawa kake ji? Nakan ce musu, ku tambaye ni wanda ba na ji, lissafin zai fi sauƙi."

Aka yi 'yan Ƙanƙara, suka yi rawar sanyi cikin rigunan auduga. Aka yi 'yan Tsibirai da siket ɗin igiyar leda. Sannan aka buga ganga, Ɗan Tsaunuka ya fito. Tun kafin a fara shiri yake naɗe cikin labule a bayan dandali, gumi har ya jiƙa gashin hular ya kwanta. Ya ɗage ƙafa, ya yi tsalle uku, ƙararrawa ta yi ƙara. Benci ya ɗauka gaba ɗaya, bulu-bulu kwanga, kuma duk idanun suka juya kan Auta.

Da Dakta ya tsaya nan, da ya ci riba. Amma tafi giya ce a wurinsa, in ya sha ba ya ganin takardar tsari. Ya ɗaga hannu ya ce, "Yanzu ga abin tarihi! Ɗan Tsaunuka, zo ka gai da kakarka da harshenku na gado!"

Yaro ya tsallako gaban Kaka yana haki. Ya yi bulu-bulu, ya yi kwanga, ya ƙara da sauran abin da ubansa ya rubuta masa, wani dogon shirme mai kama da kuskure baki. Kaka ta karkata kunne, fuskarta cike da murna, tana jiran kalma ɗaya da za ta gane. Murnar ta fara gushewa. Ta miƙa hannu tana lalube, ta cafke wuyan hannun yaron, ta jawo shi. Ta shafa goshinsa. Ta taɓa wuyansa. Ta damƙi labulen ta ji kaurinsa. Sai ta ɗaga murya ta fara magana da sauri, makirufo yana kai ta kowane gida.

Jami'ar gidauniya ta gyara zama ta ce, "Dakta, me take cewa?"

Kowa a ɗakin ya san akwai mai jin yaren tsaye a bayan kujera. Dakta ko kallon wajen bai yi ba. Ya rufe ido, ya ɗaga yatsa, yana gyaɗa kai kamar mai sauraron waƙar da ya sani.

"Tana cewa... yau ta tuna gida. Tana cewa lafazin yaron nan tsantsa ne, irin na mutanen kan dutse na asali. Tana sa wa shirin albarka. Tana kuma... to, wannan da kunya in faɗa da bakina... tana cewa samun mutum irina sai an tona."

Kaka kuwa murya sai ƙara sama take. Ta fara kiciniyar cire wa yaron labule da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana lalube a bayanta tana kiran Auta. Duk wanda ya taɓa jin tsohuwa a firgice ya san ba albarka ake sawa ba, ko da bai san yaren ba. Ta kira jikarta sau ɗaya, sau biyu. A na uku hawaye ya zubo mata.

Auta ta dubi benci. Talatin da biyar, duk sun zuba mata ido, wasu har sun fara ɗage ƙafa. Ta dubi hannun da ke lalubenta a iska. Sai ta kama hannun, ta sunkuya daidai wuyan rigar Kaka, inda makirufo yake, ta yi mata magana da yaren. Magana mai tsawo, a natse, ba tsalle ba ƙararrawa. Kaka ta saki ajiyar zuciya, ta riƙe hannun da hannu biyu kamar za a ƙwace mata.

Sannan Auta ta ɗago ta ce da Hausa, "Ba haka ta ce ba."

A ɗakin sarrafa hoto akwai maɓallin da ake dannawa a yanke shiri a sa talla. Mai kula da shi ya ce a daidai lokacin yatsansa ya ƙage, har yau likitoci ba su gano dalili ba.

"Cewa ta yi yaron nan zazzaɓi ya hau masa kai, sambatu yake yi. Ta ce jikinsa zafi rau, wane marar imani ne ya naɗe shi da bargo. Ta ce a ba shi ruwa a kai shi asibiti, ku kuma kun zauna kuna tafi."

Jami'ar ta ce, "'Yata, ba yarenku yake yi ba?"

"Ba yaren kowa ba ne, Hajiya."

Ɗan Dakta ya tuɓe hular ya riƙe a hannu, ya dubi ubansa ya ce, "Baba, da gaske ƙishirwa nake ji."

Benci ya fashe da dariya, amma wannan karon ba wanda ya dubi Auta da ita. Wata yarinya daga layin gaba, cikin waɗanda suka fi kowa tsalle a makaranta, ta leƙo ta ce, "Auta, yaya ake cewa ruwa?" Auta ta faɗa mata. Kaka ta ji kalmar a bakin baƙuwar murya, ta juya wajen, ta maimaita mata ita a hankali don ta gyara.

Ƙaramin mutum da nan zai nemi ƙasa ta tsage. Dakta kuwa ya gyara maɓalli shida, ya matso gaban kyamara, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, abin da kuka gani yanzu shi ne ƙololuwar tsarina! Da gangan na yi fassarar gwaji, don in zaburar da wannan yarinya, wadda ni na gano ta, ni na rene ta a wannan lambu. A ilimin zamani ana kiran wannan dabara da suna mai tsawo, wanda ba zan wahalar da ku da shi ba. Shekara da shekaru ina faɗa, yaro fure ne..."

Ya ci gaba. Ya yi minti uku bai ja numfashi ba. Kaka ta karkata kai tana saurare, irin sauraron da ta yi wa yaron ɗazu. Ta ja hannun Auta ta yi tambaya. Auta ta amsa. Tsohuwa ta girgiza kai cikin tausayi na gaskiya, ta faɗi wani abu gajere.

Jami'ar ta ɗaga hannu ta tsayar da Dakta a tsakiyar kalma. "Yi haƙuri, Dakta. 'Yata, me Kaka ta ce?"

"Ta tambaya wane ne mai surutun nan. Na ce mata mahaifin yaron ne."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce ashe a gida ya ɗauka. Ta ce a fara kai babban, nasa ya fi tsanani."